Diskin da zai jure kallo daga safe har dare

Yarona, na ga saƙonka kan kiliyan ɗin nan mai gidan kallo, wanda ka ce tele ɗinshi ba ta hutawa tun hantsi har sha biyun dare, da yamma kuma yara na tura ma mutane fim da waƙa a waya daga diski guda, kuma ya riga ya kashe diski biyu. Ka ce ko mu saya mishi diski mai gudun juyi 7200 a minti ko kuwa SSD, ma'ajiyar da ba abin da ke juyawa cikinta, gaba ɗaya a huta. To ka aje maganar gudu tukuna, ba can ciwon yake ba.

Yi lissahi da kanka. Fim mai jiga 2 na awa biyu, in ka raba, bai kai rabin mega ba a sakan guda, alhali diski mai juyi 5400 a minti shina ba ka wajen mega 100 a sakan. Kenan kallo bai ma tashe shi daga barci ba. Mai 7200 abin da zai ƙara maka zahi ne da ƙara da cin kuran, kuma kai ka san yadda shago mai rufin kwano yake a Maradi cikin watan huɗu da na biyar, waje ma digiri 40 ya wuce balle cikin akwatin da ba iska. Abin da ka kashe diski a aikin irin nashi shi ne yawan awannin da shina juyawa, da zahi, da ɗauke kuran bagatatan, da ɗagawa ko bugewa shina cikin aiki.

Shi ya sa nika ce ma ka karanta abin da masu ƙera shi sunka rubuta. Diskin ordinater na gida irin Seagate BarraCuda, a takardarshi an auna shi kan awa 2400 a shekara da aikin karatu da rubutu na tera 55 (tera guda jiga dubu ne). Mutuminka in ya kunna awa 12 kullum ya yi awa 4380, ya kusa linkawa. In kuma yaranshi na tura jiga 200 a yini, tera 73 kenan a shekara, nan ma ya zarce. Amma IronWolf na Seagate ko WD Red Plus an yi su ne don su kwana su wuni kunne, tera 180 a shekara, ga Toshiba N300 shi ma ɗan gidan ne sai dai shi 7200 ne, ya fi ɗumi. Jakin kai kaya kasuwa muke nema ba dokin sukuwa ba. WD Purple da SkyHawk na Seagate na kamarar tsaro ne, za su yi aiki in babu wani, amma don rubutu anka gyara su.

Ka lura da kalmar Plus ɗin nan hwa. Akwai diski iri biyu, CMR da SMR. CMR layukan rubutunshi kowane da wurinshi, SMR kuwa hawa juna sukai don a cusa kaya da yawa, wajen karantawa ba shi da laihi ko kaɗan, amma ranar da ka zo zuba mishi jiga ɗari uku na sabbin finafinai ko ka goge ka sake zubawa sai ka ga ya fara da ƙarhi can ya koma rarrafe kai ta kallon kwafi ba ta motsi. A 2020 anka yi ta surutu da anka gano wasu WD Red SMR ne ba a faɗa ba, daga nan ne kamfanin ya ware na CMR ya sa musu Red Plus. Ƙananan diskin aljihu masu wayar USB mafi yawansu SMR ne su ma. Don haka ka ɗauki lambar model da ke jikin takardar ka bincika a intanet kafin ka ba da kuɗi, kar ka tsaya ga launi.

Maganar ƙananan nan ma, su nika zargi sun kashe mishi kaya. Diski mai inci 2.5 daga ramin USB yake shan wuta, ramin tele da yawa USB 2.0 ne, 500mA kawai yake badawa, in bai ƙoshi ba sai ka ji shina ƙas ƙas ƙas shina tashi shina faɗuwa. Ga shi a rataye bayan tele, wanga ya cire wancan ya soka. Ka sa mishi babba mai inci 3.5 cikin ordinater ɗin tebur, ko cikin akwati mai adafta 12V da fanka, a aje shi wuri guda kar a taɓa. Sannan ondilar dole ne, ko ƙarama, don lokacin da kuran ya tahi anka tada gurup nan ne wuta ke hawa da sauka. Lokacin hunturu kuma duk sati a hure ƙura daga fankar.

In kuɗinshi bai kai sabo ba sai okaziyo, to kar ka yarda da goge baya da kwali mai kyau. Haɗa shi ka buɗe CrystalDiskInfo, manhajar duba lahiyar diski, nan gaban mai sayarwa. Dubi awannin da ya yi kunne, dubi layin 05 da C5 masu ƙirga wuraren da sunka lalace ko ake zargi a cikin diskin, in ka ga lamba ba sifiri ba a ƙarƙashin Raw Values ko ya nuna rawaya, mayar mishi abinshi ko nawa ya rage. Ka sani ana iya goge awannin nan, saboda haka in shekarar da ke jikin takardar tsohuwa ce shi kuma ya ce awa goma ya yi, ƙarya ce. Zahi kuma ni in ya wuce digiri 45 shina aiki sai na ƙara mishi iska. In tera 1 ya nuna maka jiga 931 ba cuta ba ce, haka Windows ke ƙirga, amma na waje mai arahar banza ka bi shi da manhajar gwaji H2testw ka tabbatar cikinshi ya kai abin da anka rubuta.

SSD kuwa ban ƙi shi ba, ba abin da ke juyawa cikinshi, bugu bai dame shi ba, karantawa ba ta cinye shi, amma tera 4 na SSD kuɗin zai sa mutumin ya gudu. Abin da nika yi, ƙaramin SSD na 256 ko 500 don Windows da sabbin finafinan da ake ta nema, sauran tarin a babban diski. Wajen fomate kar ka sa FAT32, ba ya ɗaukar fayil da ya wuce jiga 4, sa NTFS in tele ɗin na karantawa, ka gwada tukuna.

Ka kuma gaya mishi gara tera 4 biyu da tera 8 guda, ɗaya na aiki ɗaya kwafi a gida cikin durowa, duk juma'a a sabunta. Zai ce tsada, ka tambaye shi kuɗin intanet nawa ya ƙona wajen sake sauke kayan diski biyun da sunka mutu. Gobe ka zo da tsohon diskin nashi da adaftar da yake anfani da ita, ina son in auna wutarta da mita.