Abin wasan igiyar ruwa yana cijewa, zobban kuma ba sa tafiya a jere

Tambaya: An buga mini sassan abin wasan nan da firintar 3D (injin da ke ƙera abu da narkakkiyar roba, shimfiɗa bisa shimfiɗa), wanda ake juya hannunsa zobba su riƙa hawa da sauka kamar an jefa tsakuwa a tafki. Na haɗa, amma hannun yana cijewa, zobban kuma tsalle kawai suke barkatai. Ina gyaran yake?

Amsa: Matsala biyu ce, fara da ta tsallen. Kowane zobe yana kan ƙafa, ƙafar kuma tana kan faifai mai ramin da ya kauce daga tsakiya. Idan kaucewar milimita 5 ce, zoben zai hau ya sauka milimita 10. Igiyar ba ta fitowa sai kowane faifai ya ɗan gota na kusa da shi da kwana iri ɗaya: faifai 12, digiri 30 ke nan tsakaninsu. Sandar tsakiya mai kusurwa shida, wadda fayafayan ke kanta kuma hannun ke juyawa, takan yaudari mutum, domin kowane faifai zai shige ta ta fuska shida, biyar kuwa kuskure ne. Zare su duka, ka jera bisa lambarsu, alamomin da ke jikinsu su kalli gefe guda. Ko ɗaya ka kifa, igiyar za ta karye a wurin. Kada ka kusanci sufa gulu sai ka ga tana tafiya.

Cijewar kuwa yawanci daga bugu take. Shimfiɗar farko takan baje ta yi ɗan leɓe a gindin kowane sashe. Shafa da farce za ka ji shi. Kankare shi da reza, ka bi da samfefa mai lamba 220, sannan 400. Ƙafa tana son sararin milimita 0.2 zuwa 0.3 a kowane gefe cikin ramin da take hawa da sauka. Gwajin mai sauƙi ne: ɗaga ta ka saki. In ba ta faɗo da nauyinta ba, da saura.

Saka ƙafafun ɗaya bayan ɗaya kana juyawa, mai laifin za ta tona kanta. Goga kakin kyandir a bakin faifan. Ni na fi son sa da giris, don giris na tara ƙura.

In duk da haka yana cijewa wuri guda a kowane zagaye, sandar ce ta lanƙwashe. Mirgina ta kan gilashi ka gani. Robar PLA, wadda aka fi yin irin wannan bugu da ita, takan fara laushi wajen digiri 60 na zafi a ma'aunin Celsius, mota a rufe cikin rana ta isa. Wannan ba ta gyaruwa, sai a sake bugawa, a kwance, don wadda aka buga a tsaye saurin karyewa take.