Ga mai tambaya a kan Pierre Legendre

Ɗan'uwa da ka ce malaminka ya ɗora maka karatun Pierre Legendre, masanin doka ɗan Faransa, wata biyu kana juya shafi ba abin da ke shiga, wallahi kaina na gani a tambayarka. Ba daƙiƙanci ba ne, rubutun mutumin ne da wuyar haɗiya.

Lokacin digirina na biyu a Faransa, mai duba aikina ya miƙo mini littafin Legendre L'Amour du censeur na 1974, ya ba ni mako uku. Ranar gabatarwa na miƙe gaban aji, takarduna sun jiƙe da gumin hannu. Ban yi minti biyar ba ya cire tabarau, yana gogewa da bakin riga, ya ce wai a ƙasarku ana koyar da Latin kuwa? Aka kwashe da dariya. Na fito na zauna a tashar bas cikin sanyi, mota uku ta wuce ban shiga ba. Har yau in na tuna goge tabaran nan raina ɓaci yake. Ko sannu bai ce mini ba har na gama.

Kar ka fara da wancan littafin. Nemi Le Crime du caporal Lortie na 1989. Labarin sojan Kanada ne da ya kutsa majalisar Kebek a 1984 ya harbe mutum uku, daga baya ya ce gwamnatin fuskar ubansa gare ta. A nan za ka ga abin da Legendre yake nufi da uba da doka.

Kuma ka tuna asalinsa masanin tarihin dokar coci ne. Kundinsa a kan yadda dokar Rum ta shiga dokar coci yake, tun daga Gratian, malamin da ya tattara dokokin coci wajen 1140. Sai da na lura malaman dokar coci na wancan zamani sharhi suke a gefen matani, kamar yadda muka karanta Risala a zaure, sannan kaina ya buɗe. Ashe mun fi masu dariyar sanin wannan hanya.

Af, duk abin da malaminka ya faɗa, ka tura masa a rubuce ya tabbatar. Nawa ya sha musanta maganarsa. Legendre ya rasu a 2023, amma hirarrakinsa na rediyo suna intanet, bakinsa ya fi alƙalaminsa sauƙi. Wane littafin aka ba ka ma tukuna?