Manhajata tana aiki a laftof, amma ta ƙi a Raspberry Pi 5

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne, ina zaune a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Na rubuta manhaja da yaren C wadda ke karanta babban fayil ta hanyar mmap, tana farawa daga bayit na 20480. A laftof ɗina mai Intel lafiya lau take aiki, amma da na ɗora ta a ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 5 sai ta riƙa ba ni saƙon kuskure na EINVAL. Duka biyun Linux ne, ko harafi ɗaya ban canza ba. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai, domin da wuya in samu mai tonawa har ƙasa haka.

Aikin mmap shi ne ya shimfiɗa fayil a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, manhaja ta riƙa karanta shi kai tsaye. Sai dai ba ya awo da bayit ɗai-ɗai, da shafi yake awo. Ka ɗauke shi kamar mai sayar da gero da ba ya yarda da rabin tiya, sai cikakkiya. Kuma ka san tiyar wata kasuwa ta fi ta wata girma.

A firosesa irin na Intel da AMD, shafi ɗaya bayit 4096 ne. Shekaru masu yawa haka abin yake, har masu rubuta manhaja suka saba rubuta lambar nan da hannu kamar ba za ta taɓa canzawa ba. Firosesan ARM mai bit 64, irin wanda ke cikin Raspberry Pi 5, kuwa ya yarda da girma uku: kilobayit 4, 16 ko 64. Raspberry Pi 5, wanda ya fito a 2023, yana zuwa da kanel (wato zuciyar Linux) mai shafin bayit 16384, wato kilobayit 16, a babbar manhajarsa ta asali.

Ƙa'idar mmap ita ce wurin da za ka fara karatu ya rabu daidai da girman shafi. Lissafa ka gani: 20480 shafi biyar ne cif a laftof ɗinka. A Pi 5 kuwa shafi ɗaya ne da kwata, shi ya sa kanel ya mayar maka da buƙatar. Buga getconf PAGESIZE a na'urorin biyu, za ka gani da idonka.

Gyaran ba shi da wahala. Daina rubuta 4096, ka tambayi na'urar da sysconf(_SC_PAGESIZE). Sannan ka ja wurin farawa baya zuwa farkon shafin da yake ciki (a Pi 5, 16384 ke nan), ka ƙara ragowar 4096 a kan tsawon da kake nema, ka kuma tsallake ta a adireshin da aka dawo maka da shi.

Wasu za su ce ka sa kernel=kernel8.img a config.txt don Pi ɗin ya koma kilobayit 4. Zai yi aiki, amma ban ba ka shawarar tsayawa nan ba tunda manhajar taka ce. Kwamfutocin Apple masu M1, tun 2020, su ma shafin kilobayit 16 suke amfani da shi, can ma za ka sake cin karo da matsalar. Idan akwai MAP_32BIT a rubutunka cire shi, na firosesa irin na Intel da AMD (x86-64) ne kaɗai.

Tambaya: Malam, ina gyaran waya a Daura. Shin wannan zance ya shafi Android?

Amsa: Ya shafe ta, Malam. Daga Android 15 aka fara tallafa wa wayoyi masu shafin kilobayit 16, Google Play kuma ta nemi masu manhajoji su daidaita nasu. Manhajar da aka rubuta da Java ko Kotlin zalla ba ruwanta. Wadda ke ɗauke da ɓangaren C ko C++ da aka haɗa bisa tsohon awo ita ce kan iya mutuwa da an buɗe ta a irin waɗannan wayoyi. Idan aka kawo maka sabuwar waya mai irin wannan ciwo a manhaja guda, fara sabunta manhajar kafin ka yi wa wayar filashin.