Amsa ga mai neman tankin mai na hannu

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, ka ce ƙaramar motarka tana yoyon fetur, bakanike ya ce a canza tanki, kana tambaya ko na hannu zai yi. Zai yi, shi ma aka fi samu a Sakkwato. Sai dai ba kaya ne da ake saye ta waya ba.

Da farko ka tabbatar tankin ne. In sai ka cika shi warin fetur ke tashi, ya ɗauke idan mai ya sauka rabi, to daga sama matsalar take: ko zoben robar da ke ƙarƙashin murfin famfon mai, ko tiyon da ya taho daga bakin zuba mai. A yawancin ƙananan motoci, kujerar baya ake ɗagawa a kwance wani faifai a ga wurin. Ƙurar garin nan ma shaida ce, duk inda mai ke tsattsafowa za ka ga ta yi baƙi ta manne.

In an tabbatar shi ne, a sauke tsohon, ka tafi da shi kasuwa a jera shi ƙasa da wanda za ka saya. Sunan mota kaɗai ba ya wadatarwa. Corolla 'yar Amurka da 'yar Turai ba lallai tankinsu ya zo ɗaya ba, ta Amurka takan fi yawan ƙananan bututun iska. Na mota mai kafireta daban yake da na mai injekta, don galibin masu injekta famfonsu a cikin tanki yake zaune. Golf 3 kuwa, mai tankin lita 55, da yawa da suka shigo daga Turai na gas ne, wato dizal, sai a miƙo maka nasu a ce ai duk ɗaya ne. Ka gwada faɗin ramin famfo, ka ƙirga bututu nawa suka fito, ka duba gefen da bakin zuba mai yake da inda maɗaurai ke zama. In za a ɗauko daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, ka tura lambar shasi da hoton tsohon ta sama da ta ƙasa, kuma a yi magana a gaban shaida cewa in bai hau ba zai koma.

In na ƙarfe ne, tsatsa ce abokiyar gaba. Daga waje tana ɓuya a ƙarƙashin maɗaurai, da bakin ɗinkin da ya haɗa rabin sama da na ƙasa, da can sama inda laka ke kwanciya. Na Beljiyam ba su tsira ba, don a Turai gishiri ake watsawa kan titi lokacin ƙanƙara. Tankin da ka ga ya sha sabon baƙin fenti yana ƙyalli, ka sa farce ko sukudireba ka kankare, sau da yawa faci ne aka rufe. Sannan ka leƙa ciki da tocila ta ramin famfo, ba da ashana ko laita ba. Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasan tanki yake kwanciya, shi ya sa motar da ta daɗe tana shan man bumburutu daga nan take fara ruɓewa. Ja-ja kaɗan ana wankewa, amma in tsatsar tana ɓamɓarowa, bar musu kayansu. Ka girgiza shi: ƙarar yashi datti ne, ƙarar ƙwanƙwasa kuwa shingen ciki ne ya ɓalle, shi ke hana mai gudu gefe guda a kwana. Wanda ya lotsa daga ƙasa ma kada ka ɗauka, yana danne rariyar famfo, geji kuma ya riƙa yi maka ƙarya.

Na roba, irin na Golf 3 da Peugeot 206, ba ya tsatsa, amma nasa ciwon ya fi wuyar gani. Duba gindin ƙananan bututun ko sun tsage, da zaren da murfin famfo ke ɗaurewa a kai. Wanda ya shekara a rana a gaban shago ya yi fari-fari, na fi son a bar shi. Ka kifa shi kuma, don masu wargaza motoci a waje sukan huda ƙasan tanki su tsiyaye mai, a zo nan a toshe. Gam ba ya kama irin wannan robar, wata biyu sai ya saki.

Gwajin yoyo kafin ka biya ake yi. A toshe duk ramuka, a hura iska kaɗan da famfon keke, a shafa ruwan sabulu a ɗinki da gindin bututu, inda ya yi kumfa nan ne. Ban da injin mai faci, zai kumbura shi. In babu hali, lita 5 ta kananzir a juya shi ta kowane gefe ta isa.

Tun kafin a sauke tsohon, a cire fiyus ɗin famfo a bar mota ta mutu da kanta, sannan a cire kan batir. Wajen ɗaurawa, a ɗauraye tankin da ka sayo da lita 2 ko 3 ta fetur, a tace a farin ƙyalle, a maimaita har ƙyallen ya fito fes. In famfonka lafiya yake, shi za a mayar, ka sayi tankin tsura ya fi araha. Zoben roba, rariyar famfo da filta kuwa sababbi. A mayar da robar da ke tsakanin maɗauri da tanki, da faifan da ke kare shi daga zafin salansa, yaran gareji sun saba jefar da su. A kula kada tiyon iska ya lanƙwashe, in ba haka ba, a zafin Afrilu tanki zai riƙa huci, a gidan mai kuma famfo ya yi ta katsewa.

Zuba lita 10 tukuna, a murɗa makulli sau uku ba a tayar ba, a leƙa ƙasa. In shiru, a cika shi taf, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashi mota ta kwana a kai. Tsohon kuma kada a kai shi kusa da mai walda ko da babu ɗigon mai a ciki, tururin da ya rage ne ke fashewa.