Sa'a ɗaya a mako ta isa, idan ba za ki riƙa fashi ba

Assalamu alaikum, 'yar'uwa. Kin tambaya ko wadda ba ta yi karatun koyarwa ba, kuma sa'a ɗaya kacal take da ita a mako, za ta iya amfanar yara idan ta shiga aikin sa-kai na karatu a makarantar firamare. Shekarata ta biyar ke nan ina wannan aiki, kuma amsata ita ce za ki iya ƙwarai, muddin ba za ki riƙa fashi ba.

Na sa wannan sharaɗi a gaba ne domin yaron da karatu ke ba wuya ya riga ya sha kunya a aji, saboda haka sai ya ga fuskarki makonni uku ko huɗu a jere kafin ya saki jiki ya ɗaga murya. Irin waɗannan yara kuwa ba su da kaɗan, domin a 2022 Bankin Duniya da wasu hukumomi sun ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi.

Abin da ya fi ba ni wuya da farko shi ne yin shiru. Idan yaro ya cije a kan kalma, bakinki zai so ya faɗa masa nan take don tausayi, amma ki daure ki ƙirga biyar a zuci. In ya kasa, ki nuna masa harafin farko ya furta sautinsa, ku haɗa gaɓoɓin tare, sai bayan haka ki faɗi kalmar ku wuce. Akwai wani yaro ɗan aji biyu da nake zaton ya iya karatu, har ranar da na rufe hoton shafin da tafin hannuna, sai ya tsaya cik, ashe haddace littafin ya yi yana bin hotuna. Muka koma kan haruffa, yatsansa a ƙarƙashin kowace kalma, musamman b da d da yake rikitawa. Ranar da ya gyara kuskurensa da kansa, na ce masa na ga ya koma baya ya duba, kuma wannan yabon ya fi masa amfani a kan "madalla" kurum, tun da ya san abin da ya yi daidai.

Wajen zaɓen littafi, idan yana kuskure fiye da kalma ɗaya a cikin goma, littafin ya yi masa nauyi, ki ajiye shi ki karanta masa da kanki, ki ba shi mai sauƙi. Bayan kowane shafi ki tambaye shi abin da ya faru, domin wani yaron yakan furta kalmomi sarai alhali bai san me ya karanta ba.

Ki bi ƙa'idojin makarantar, ki zauna da yaro a inda malamai ke ganinku, kuma kada ki yanke hukunci cewa yana da wata lalura. Idan kin lura yana kanne ido ko yana kusanto da littafi fuskarsa, malamin ajinsa za ki sanar a keɓe, shi ne zai tuntuɓi iyayensa.