Me ya sa ba a nuna fuskar matar nan ta cikin Tom and Jerry?

Tambaya: Yarana suna yawan kallon tsofaffin katun na Tom and Jerry. Na lura da wata baƙar mace mai jiki wadda ba a ganin komai nata sai ƙafafu da silifas da tsintsiya, kullum tana cikin faɗa. Wariyar launin fata ce, ko zargina ne ya yi yawa? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, idonki bai yi miki ƙarya ba. Matar nan ana kiran ta Mammy Two Shoes, ta fito tun a katun na farko da William Hanna da Joseph Barbera suka yi wa kamfanin MGM a 1940, aka daina sa ta a 1952. Masu kare su kan ce daga idon kyanwa da ɓera ake kallon duniya, shi ya sa ba a ganin fuskokin mutane. Da ƙamshin gaskiya a nan. Amma ki duba sauran jikin: ƙyallen girki ɗaure a ƙugu, safa ta zazzago, muryar kuma an murɗe Turancinta don a yi dariya. Wannan tsohon hoto ne da fararen Amurka suka ƙirƙiro na baiwa mai hidimar gida, wadda ba ta da wata damuwa sai ta iyayen gidanta.

Tushen abin ya girmi katun. Tun wajen 1830 fararen 'yan wasa suke shafe fuska da baƙi, su zana manyan leɓɓa, su hau dandamali suna kwaikwayon baƙar fata a matsayin wawa ko malalaci. Da aka fara zanen katun, can masu zanen suka je suka ɗebo kayan dariya. Bosko, tauraron farko na Looney Tunes, jerin katun na kamfanin Warner, a 1930, zanen yaro baƙi ne a kan wannan salo. Afirka kuwa, a irin waɗannan katun, ba ta wuce daji da mutane masu ƙashi a gashi suna kewaye tukunya za su dafa baƙo ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, baƙar fata suna cikin aikin, amma alƙalamin ba ya hannunsu. Lillian Randolph, 'yar wasa baƙa, ita ce muryar matar nan. A 1932 ɗakin zanen Fleischer ya sa Louis Armstrong, gwanin kakaki, ya yi waƙa, sannan aka mayar da kansa na mai cin naman mutane. A 1956 Floyd Norman ya samu aiki a Disney, ya zama mai zane baƙar fata na farko da ya daɗe yana aiki a can.

Ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata a Amurka ta yi ta ƙorafi. A 1968 kamfanin United Artists ya janye katun 11 na Warner daga talabijin, ita Mammy kuma a wasu kwafe-kwafe aka sake zana ta a matsayin farar mace. Ni ban ga amfanin wannan gogewa ba, domin ɓoye shaida ne. Gara gargaɗi kan wariyar launin fata da aka riƙa sawa a farkon faifan katun ɗin daga baya.

Kada ki hana yaran kallo. Ki zauna tare da su, idan ta fito ki tambaye su: me ya sa ita kaɗai take magana haka, kuma wa ya zana ta? Ki kuma nemo musu Bon Voyage Sim, katun ɗin kwaɗi da Moustapha Alassane ɗan Nijar ya yi a 1966.