Amsar tambayarka a kan targaɗe

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce ƙafarka ta gurɗe a wajen ƙwallo, idon sawu ya kumbura, kakarka ta duba ta ce targaɗe ne kawai, abokinka kuma ya ce ka bari ya ja maka ita ta koma. Kana so ka san me ake nufi da targaɗe tun asali, kuma me ya sa kowa ke faɗinsa kamar ba ciwo ba. Na ji daɗi da ka tambaya kafin ka miƙa ƙafar.

Mu fara da yadda ake faɗi. Ana cewa mutum ya yi targaɗe, ko ya samu targaɗe a ƙafa, a wuyan hannu, a yatsa. Gurɗewa ita ce abin da ya faru, wato ƙafa ta taka ba daidai ba ta murɗe, targaɗe kuma shi ne ciwon da gurɗewar ta bari. Kullum a gaɓa yake, inda ƙashi biyu suka haɗu. Ba za ka ji an ce wani ya yi targaɗe a tsakiyar cinya ko a ƙwauri ba. Can sai dai buguwa, ko ciwon tsoka, ko karaya. Ka lura kuma da aikatau ɗin da ke bin kowanne: karaya ɗori ake yi mata, targaɗe kuwa gyara shi ake cewa za a yi. Na kan ji yaran yanzu suna haɗa shi da tangarɗa, alhali ba su haɗa hanya ba. Tangarɗa cikas ce da ke samun aiki ko na'ura, ba ta kumbura ƙafar kowa.

To, ga inda nake so ka tsaya ka saurara. A bakin mutane kalmar tana da faɗi ƙwarai. Duk ciwon gaɓa da ba a ga ƙashi ya karye a fili ba, targaɗe ake ce masa. Amma abu uku ne daban-daban ke fakewa a ƙarƙashin sunan nan ɗaya. Akwai wanda jijiyar gaɓa ce ta miƙe fiye da kima ko ta yage, ƙashi yana nan a mazauninsa, kuma wannan shi ne abin da likita zai kira targaɗe. Akwai gocewar ƙashi, inda kan ƙashin ya fita daga gurbinsa, kamar yadda ya fi faruwa a kafaɗa da yatsu. Akwai kuma tsagewar ƙashi, wadda karaya ce sosai, sai dai ba ta nuna kanta. Dukansu suna kumbura, dukansu suna zafi, ido kaɗai ba ya raba su.

Ita ma kalmar jijiya tana ƙara rikita zancen, domin da ita muke kiran hanyar jini, da ita muke kiran mai kai saƙon ji da motsi, da ita kuma muke kiran igiyoyin da ke ɗaure jiki. Igiyoyin nan ma iri biyu ne. Wasu suna haɗa tsoka da ƙashi, kamar agarar da ke bayan diddige. Wasu gajeru ne masu tauri, suna ɗaure ƙashi da ƙashi don kada gaɓa ta wuce iyakarta. Waɗannan na biyun su targaɗe ke taɓawa. A gefen waje na idon sawu akwai guda 3, kuma da yake ƙafa ta fi yawan murɗewa zuwa ciki, ta gaban cikinsu ce ke fara yagewa. Shi ya sa za ka ga kumburin yawancin mutane a gefen ƙaramin yatsa yake. Likitoci sun kasa shi mataki 3: miƙewa, yagewar wani sashe, da tsinkewa gaba ɗaya. Na farko kan lafa cikin mako 1 zuwa 2, na biyu yakan kai mako 6, na uku kuwa maganar watanni ake yi. Jini ba ya isa waɗannan jijiyoyin sosai kamar yadda yake isa tsoka, don haka warkewarsu a hankali take. Kai da kake kallon ƙwallo ka sha ganin ɗan wasa ya tsinka jijiyar cikin gwiwa, an yi masa tiyata, ya shafe wata 9 ko fiye bai dawo fili ba. Shi ma targaɗe ne a ma'anar kalmar, amma wa zai ce masa "kawai"?

Kakarka ba ta yi kuskure ba a abin da take nufi. Mutum yakan faɗi haka ne don ya kwantar wa mai ciwo da hankali, ma'ana an gode Allah ba karaya ba ce. Matsalar tana zuwa ne idan aka ɗauki lallashi a matsayin binciken likita.

Batun ja kuwa, kada ka yarda. Na fahimci inda tunanin ya samo asali: tunda gocewar ƙashi ma targaɗe ake ce mata, kuma ita mayar da ita ake yi, sai aka ɗauka kowane targaɗe ja yake so. Amma jijiyar da ta yage ba ta goce ba balle a mayar da ita, ja ƙara yaga ta yake yi. In kuwa ƙashi ne ya tsage, ja na iya raba shi biyu. Ni kaina ina saurayi na faɗo daga keke, wani mai kyakkyawar niyya ya ja min ƙafa har na ga duhu, kuma na koma tafiya kafin lokaci. Shekaru da yawa bayan nan ƙafar ba ta daina gurɗewa ba ko a ƙasa mai laushi. Ba na so ka gaji wannan.

Ga abin da za ka gwada yau. Akwai ƙa'idar da likitoci suka fitar a birnin Otawa na ƙasar Kanada a 1992, don sanin wanda yake bukatar hoton ƙashi. Ka tashi ka yi taku 4, ko da ɗingishi ne. In ka kasa, ka tafi asibiti. Sannan ka danna ƙashin idon sawu ta baya da ƙarshensa, ciki da waje, da ƙashin da ke tsakiyar gefen tafin ƙafa wajen ƙaramin yatsa. In a kan ƙashin kansa zafin yake, ba a naman da ke gabansa ba, nan ma hoto ya wajaba. Haka idan gaɓar ta karkace, ko yatsu sun yi sanyi, ko ka daina jin taɓawa.

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan alamomin, kwana 2 zuwa 3 na farko ka huta, ka ɗaga ƙafar sama da ƙirjinka in kana kwance. Ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15 zuwa 20, ka maimaita bayan awa 2 ko 3. Bandeji ya kama, amma kada ya matse har yatsu su canza launi. Gashi da ruwan zafi da murza a kwanakin nan ƙara kumburi suke yi, a bar su tukuna. Bayan nan ka fara motsa ƙafar kaɗan-kaɗan, domin zama wuri ɗaya sandarar da gaɓa yake yi. Da zafi ya ragu ka riƙa tsayuwa da ƙafar ita kaɗai, kana dafe da bango, har ta sake koyon riƙe ka. Wannan ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne nawa ya rasa.

Abu ɗaya kuma saboda ƙannenka. Yaro da bai gama girma ba, ƙarshen ƙashinsa inda yake tsiro ya fi jijiyarsa rauni, don haka abin da zai zama targaɗe a jikinka yakan zama karaya a nasa. Duk ranar da ɗayansu ya faɗi ya ƙi taka ƙafa, ko ya dafa ƙasa da hannu ya ce gindin babban yatsansa na ciwo, a kai shi a duba.

Ka sanar da ni yadda takun nan huɗu suka kasance, kuma ka gaishe min da mahaifiyarka da kakarka.

Baffanka.